Yadda nake jan layukan tagulla da hannu a manhajar zanen allon lantarki

Idan ka kammala zanen da'irarka ka tura shi ɓangaren allo, abin da zai fara tarbar ka shi ne kayan haɗi a jibge wuri guda, ga kuma siraran zarurruka sun sarƙe tsakaninsu. Kowane zare yana nuna maka cewa wannan ƙafa da waccan dole su haɗu. Ta ina za su haɗu, da wane kauri, a wace fuskar allo, wannan kai aka bar wa. Shi ne aikin da zan yi bayani a kai, yadda nake yin sa.

Da KiCad nake aiki, don haka maɓallan da zan ambata nata ne. Manhaja ce ta kyauta wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa a 1992, daga baya injiniyoyin cibiyar binciken CERN suka sa mata hannu, suka kawo tsarin jan layi mai ture maƙwabtansa, wanda ya fito a siga ta 4 a 2015. Mai amfani da Altium Designer ko EasyEDA ko Eagle zai tarar maɓallan sun bambanta, amma hankalin aikin ɗaya ne.

Za a iya tambaya: tunda akwai manhajojin da ke jan layi da kansu, irin su Freerouting, me ya sa mutum zai wahalar da kansa? Manhajar ta san ƙafar da za ta haɗu da wata, ta san tazarar da aka gindaya mata. Ba ta san cewa wannan layin na ɗauke da siginar na'urar auna zafi mai rauni ba, wancan kuma yana bugawa sau dubbai cikin daƙiƙa yana fesa hayaniya, sai fa idan ka zauna ka bayyana mata komai dalla-dalla. A ƙaramin allo, kafin ka gama yi mata wannan bayani, da ka ja layukan da kanka ka gama. Kuma allon da ka ja da hannunka ka san shi ciki da waje, ranar da ya ƙi aiki ka san inda za ka ɗora awo.

Kafin layin farko

Tun ran gini ran zane. Kada ka ja ko layi ɗaya sai ka buɗe shafin kamfanin da zai buga maka allon ka duba iyakar abin da yake iya yi: mafi sirantar layi, mafi ƙarancin tazara, mafi ƙanƙantar huji, da nisan da tagulla za ta bari daga bakin allo. Waɗannan alƙaluma ka shigar da su a Board Setup. Da yawa daga kamfanonin suna rubuta su da ma'aunin mil, wato kashi ɗaya cikin dubu na inci. Mil 1 milimita 0.0254 ne, don haka mil 6 ya kama kusan milimita 0.15, mil 10 kuma milimita 0.254. Ni ba na zama a kan iyakar kamfani idan ba dole ba. In sun ce suna iya milimita 0.15, ina ja da 0.2 ko 0.25, tazara 0.2, hujin tsallake (wanda ke kai layi daga wannan fuskar allo zuwa waccan) mai rami 0.3 da zobe 0.6. Wannan ɗan rarar da na bari ita ke sa allo ya fito lafiya ko da injinsu ya ɗan kauce.

Daga nan sai ka raba layukan gida-gida. Na sigina gidansu daban, na wuta gidansu daban da kaurinsu. Da zarar ka yi haka, duk lokacin da ka fara ja daga ƙafar da ke kan layin wuta, manhajar za ta ba ka kaurin da ya dace ba sai ka tuna ba.

Batun kauri yana son lissafi. Yawancin alluna suna zuwa da tagulla mai awon oza 1, kaurinta kusan maikiromita 35. Bisa ƙa'idar zanen allon lantarki ta IPC-2221, a fuskar waje, idan ka yarda layin ya ƙara zafi da digiri 10, amp 1 yana son faɗin kusan milimita 0.3, amp 2 kusan 0.8, amp 3 kusan 1.4. Ka lura faɗin yana tashi fiye da yadda amp ke tashi. A shimfiɗar tagullar da ke binne cikin allo kuwa, wannan ƙa'idar tana neman fiye da ninki biyu. Akwai na'urar wannan lissafi cikin KiCad, ka yi amfani da ita. Sai dai zafi ba shi kaɗai ne abin dubawa ba, akwai zubewar boltej. Layi mai faɗin milimita 0.25 da tsawon santimita 10 a wannan tagulla yana da turjiyar kusan om 0.2. Ka tura amp 1 ta cikinsa, bolt 0.2 ya salwanta a hanya. A da'irar da ke aiki da bolt 3.3 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa layin wuta nake ba shi faɗi gwargwadon filin da ke akwai, ba na yi masa rowa.

Idan kuma allon zai taɓa wutar gida, magana ta canza. Bolt 230 yana kai ƙololuwar kusan bolt 325, kuma teburin IPC-2221 yana neman tazarar milimita 2.5 a wannan mataki ga tagullar waje marar rufi. Tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannun mutum zai iya taɓawa, ƙa'idojin kare rai suna neman fiye da haka. Wannan wuri ne da ba a yin ƙiyasi, rai ne a ciki.

Jera kaya shi ne rabin aikin

Mafi yawan wahalar da mutane ke sha wajen jan layi daga jerin kaya ta samo asali. Fara da abin da ba ya motsi: sokoti, maɓallan dannawa, ramukan kusoshi, duk abin da akwatin na'urar ya riga ya yanke wa wuri. Ka kulle su. Sai babbar aisi (IC, ƙwayar da'ira mai ƙafafu da yawa), sai 'yan rakiyarta a kewaye da ita. Ka buɗe zanen da'irar a gefe ɗaya, ka riƙa ɗauko kayan rukuni-rukuni yadda suke a zanen: na gyaran wuta tare, na sadarwa tare, na awo tare.

M ke ɗaga abu, R ke juya shi. Ka riƙa juyawa kana kallon zarurrukan nan. Sau da yawa resista ɗaya da ka juya, ko sokot ɗin da ka mayar ɗaya gefen, zai warware zare biyar da suka gicciye. Idan maikirokontirola ce, kana da wata dama da ake yawan mantawa da ita: ƙafafunta da yawa suna iya musayar aiki. In fitila tana kan ƙafar hagu alhali a allo tana dama, koma zanen da'ira ka sauya mata ƙafa. Gyaran layi ɗaya a cikin furogiram ya fi sauƙi a kan zagaye allo da tagulla.

Ina ɗaukar lokaci mai tsawo a nan, wani lokaci fiye da wanda jan layukan kansa ke ci, kuma ban taɓa ganin asararsa ba.

Hannu a kan maɓalli

Ka ɗora linzami a kan mazaunin ƙafa, wato ɗan filin tagullar da ake liƙa ƙafar a kai, ka danna X, layi ya fara. Yana bin linzamin, duk inda ka latsa sai ya kafe guntun da ka ja. Idan kwanar ta karya ta gefen da ba ka so, maɓallin / zai juya ta. Backspace yana janye guntun ƙarshe, Esc yana fasa abin da ba a kafe ba. V a tsakiyar ja yana saka hujin tsallake ya kai ka ɗaya fuskar. W yana ƙara kauri zuwa na gaba a jerin da ka tanada, Shift da W yana ragewa. D kuwa yana jan layin da aka riga aka shimfiɗa ba tare da kwanoninsa sun lalace ba, kuma shi ne maɓallin da na fi dannawa bayan X. Idan kana son goge layi gaba ɗaya, zaɓi guntu ɗaya ka danna U, zaɓin zai bazu zuwa sauran.

Hannun hagu a kan waɗannan maɓallai, na dama a kan linzami. Kwana biyu za ka saba.

Mai jan layin yana da halaye uku da za ka zaɓa a saitinsa. Walk around yana kewaye duk abin da ya tarar. Shove yana ture layuka da hujojin da ke gabansa don ya sami wuri, matuƙar tazara ta ba da dama. Highlight collisions yana barin ka ka bi inda kake so yana haska maka inda ka taka doka. Ni da Walk around nake farawa lokacin da allo ke da fili, in koma Shove idan wuri ya matse. Abin lura da Shove shi ne ba ya tambaya kafin ya taɓa aikin da ka ɓata lokaci kana gyarawa. Duk layin da ka gama da shi kuma yake da muhimmanci, kulle shi.

Wanne ake fara ja

Fara da waɗanda ba sa yafiya. Kafasitar nanofarad 100 da ke gefen kowace ƙafar wuta ta aisi ita ce ta farko: ta matso jikin ƙafar, layinta gajere mai kauri, ɗaya ƙafarta kuma ta sami hujinta na kanta zuwa girawun (layin bolt sifili da wuta ke komawa ta cikinsa) nan take. Amfaninta shi ne ta ba aisi wuta cikin ƙiftawar ido lokacin da ta buƙata, kuma duk milimitar da ka ƙara a tsakaninsu tana rage wannan amfani. Kafasitar da aka ajiye santimita 3 nesa tana nan a zane, amma a aikace kusan babu ita.

Sai kiristal, mai ba aisi bugun agogo: kusa da aisi, layuka biyu gajeru, kada wani layi ya ratsa ta ƙarƙashinsa. Sai na'urar rage boltej mai kunnawa da kashewa. A nan shawarata ɗaya ce, buɗe takardar bayanan aisin, kusan kullum akwai hoton yadda masu ƙera ta suka jera kayan, ka kwaikwaye shi yadda yake. Zagayen da ke tsakanin kafasitar shiga da makunnin ciki da dayod shi ne mafi hayaniya a allon, don haka a ƙanƙanta shi iyakar iyawa. Bayan waɗannan sai tagwayen layuka irin na USB, sai siginonin awo masu rauni, a nisanta su da ɓangaren hayaniya, sai manyan layukan wuta. Na fitila da na maɓalli su ne na ƙarshe, domin su ko sun zagaya ba abin da zai same su.

Hanyar dawowa

Wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Duk wutar da ta fita ta layin da ka ja, sai ta dawo inda ta fito. Manhajar tana nuna maka hanyar tafiya kawai. Ta dawowa tana cikin girawun, kuma kai ne za ka hango ta da idon zuci.

Wuta mai tafiya a hankali tana bazuwa ta bi inda turjiya ta fi ƙaranci. Sigina mai sauri kuwa, wutarsa tana dawowa ne daidai ƙarƙashin layin da ta bi, a cikin shimfiɗar girawun da ke ƙasansa. Idan ka tsaga wannan shimfiɗa da wani dogon layi, wutar za ta zo ta tarar da gibi, kamar matafiyin da kwari ya datse wa hanya, dole ta bi gefe har ƙarshen tsagar sannan ta komo. Wannan zagaye da ta yi ya zama eriya: yana watsa hayaniya, yana kuma kwasar ta waje. Daga nan ake samun allon da ke aiki yau gobe ya ƙi, ko awon da ke rawa duk lokacin da ɗan injin juyawa da ke kan allon ya tashi.

Kada ka ce ai siginarka ba ta da sauri don agogonka megahaz 8 ne kawai. Abin da ke da tasiri shi ne saurin da sigina ke tashi daga sifili zuwa sama, kuma aisin zamani suna yin wannan cikin 'yan nanosakan. A allon FR4, wato irin wanda aka saba bugawa, sigina tana cin kusan santimita 15 a nanosakan ɗaya, ka ga layin da ya ratsa allo daga wannan baki zuwa wancan ya riga ya zama dogo a wajenta.

Saboda haka a allo mai fuska biyu, ga yadda nake yi. Kusan komai a fuskar sama, F.Cu. Fuskar ƙasa, B.Cu, ta girawun ce, kuma ina kishinta. Idan layuka biyu suka gicciye babu makawa, sai ɗaya ya nutsa ta huji, ya wuce ƙarƙashin ɗan'uwansa, ya fito nan da nan. Milimita 3 ko 5, ba tafiyar rabin allo ba. Akwai tsohuwar dabara ta a ja layukan sama a kwance, na ƙasa a tsaye. Tana warware cunkoso ƙwarai, kuma a da'ira mai jinkiri ba laifi, amma tana yanyanka girawun, don haka ba na kama ta sai in babu yadda zan yi. Idan na ga fuskar ƙasa ta fara cika da layuka, na san ɗayan biyu ne: ko jerin kayan yana son sake dubawa, ko allon yana neman shimfiɗa huɗu. A mai shimfiɗa huɗu, ta biyu ta zama girawun ɗungurungum, kuma duk inda sigina mai sauri ta sauya fuska, a sa mata hujin girawun a kusa don wutar dawowa ma ta sami mashiga.

Hujojin kansu suna da nasu ladabi. Kada ka sa huji a cikin mazaunin ƙafar ƙaramin abu, zai tsotse dalma ya bar ƙafar a bushe, sai fa in kamfanin zai toshe shi ya rufe, wanda ƙarin kuɗi ne. Kada ka jera su kusa da kusa har zobban tazararsu su haɗe su zama tsaga a girawun. Layin wuta mai nauyi kuma idan zai sauya fuska, ba shi huji uku ko huɗu, kada ka rataya amp 2 a kan guda ɗaya.

Kwana, matsi da tagwaye

Ana yawan tsoratar da sababbi da kwanar digiri 90. Gaskiyar magana, sai sigina ta kai gigahaz masu yawa kafin wannan kwana ta zama abin damuwa. Muna ja da digiri 45 ne domin hanya ta fi gajarta, layuka sun fi jeruwa, kuma manhajar da haka ta fi iya turawa. Wadda nake gudu ita ce kwana mai tsini, ƙasa da digiri 90, musamman inda layi ke shiga mazaunin ƙafa a karkace. Ka fito daga mazauni a miƙe, ka ɗan yi gaba, sannan ka karya. A ƙananan resistoci da kafasitoci, ka sa layukan ɓangarorin biyu su yi kusan kauri ɗaya, domin idan gefe ɗaya ya fi shan zafi, dalmar ɗaya gefen za ta riga narkewa ta ɗaga abin ya miƙe tsaye.

Ko layi zai iya bi tsakanin ƙafafu biyu, lissafi ne mai sauƙi: faɗin layi da tazara sau biyu. Layin 0.2 da tazarar 0.2 yana son gibin milimita 0.6. Tsakanin ƙafafun da ke da ratar milimita 2.54 zai wuce a sake. A masu ratar 1.27 yakan wuce da ƙyar, gwargwadon faɗin mazaunin. A masu ratar 0.5 kuwa babu hanya, sai dai kowace ƙafa ta fito waje tukuna a baza su.

Layuka biyu da suka yi doguwar tafiya kafaɗa da kafaɗa suna jin maganar juna. Inda fili ya samu, ka bar ninki uku na faɗin layi daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Tagwayen layuka su ne akasin haka, tare ake son su. Maɓallin 6 ke jan su a KiCad, da sharaɗin sunayensu sun ƙare da + da -, ko P da N. USB yana son imfidans, wato turjiyar da sigina mai sauri ke gani, na om 90 tsakanin tagwayen, Ethernet om 100, kuma wannan ya dogara da faɗin layi da ratarsu da nisan girawun a ƙasa. A allo mai fuska biyu mai kaurin milimita 1.6, girawun yana da nisa, har layi guda mai om 50 yana son faɗin kusan milimita 3. USB mai gudun megabit 12 yana haƙuri idan hanyar gajera ce. Mai gudun megabit 480 ba ya haƙuri, shi kam a nemi shimfiɗa huɗu, a karɓi alƙaluman kaurin shimfiɗu daga kamfanin a yi lissafi da su.

Idan ka maƙale, saura zare uku sun ƙi samun hanya, kada ka tilasta su da hujoji goma. Goge yankin ka sake. Karo na biyu kullum ya fi na farko tsabta, domin yanzu ka san wanda ya kamata ya riga wucewa.

Cikawa da dubawa

Zana filin tagulla a fuskar ƙasa ka ba shi GND, wato girawun, in ka ga dama ka yi haka a sama ma, ka danna B ya cika. Ka bar mazaunan ƙafa su haɗu da filin ta 'yan siraran gadojin tagulla maimakon a manne su gaba ɗaya, in ba haka ba filin zai shanye zafin abin liƙi, dalma ta ƙi kamawa. Tsibiran tagullar da ba su haɗu da komai ba a cire su, ko a ɗinke su da girawun ta huji. Sannan ka ɓoye sauran shimfiɗu ka kalli fuskar ƙasa ita kaɗai. Bi kowane layi mai sauri da ido ka tambayi kanka ta ina wutarsa za ta dawo. Inda ka ga girawun ya tsuke ya zama ɗan siririn wuya, matsar da layin da ya matse shi.

Yanzu ka kunna DRC, mai duba ko allon ya bi dokokin da ka shigar, bayan ka tabbata an sake cika filayen. Kuskure ya zama sifili, abin da ba a haɗa ba ya zama sifili. Gargaɗi ma ka karanta su ɗaya bayan ɗaya, kada ka danne wanda ba ka fahimta ba. Sai dai DRC dokokin da ka ba shi kawai yake dubawa, bai san ka zaɓi mazaunin da bai dace da abin da ka saya ba. Don haka ka buga allon a takarda da girmansa na ainihi, ka ɗora sokoti da aisin a kai ka ga ko ƙafafun sun zauna, ka tabbatar da ƙafa ta 1 tana inda ya kamata. Bayan haka ka fitar da fayilolin Gerber da na huji, ka buɗe su a manhajar duba Gerber, ka bi su shimfiɗa bayan shimfiɗa: tagullar sama da ta ƙasa, rufin kore, rubutun da ke kan allo kada ya hau mazaunin ƙafa, da layin bakin allo ya zama a rufe yake. Waɗannan fayiloli su ne abin da kamfanin zai buga, don haka su za ka duba na ƙarshe kafin ka tura.